Inda Ruwan Ulmenfurt Yake Tsayawa

A Ulmenfurt idan kogi ya fara cika ba rediyo muke kunnawa ba, Ortwin Zabel muke nema. Sana'arsa sassaƙa duwatsun kabari, kamar ubansa da kakansa, amma ba saboda ita ake cire masa hula a hanya ba. Abin da ya mallaka a duniya magana ɗaya ce: ya san inda ruwa zai tsaya. Ni Edeltraud Kaske, wadda kowa ke kira Traudel, na yi shekara talatin da takwas ina maƙwabtaka da shi, kuma a kan wannan maganar tasa na ɗora ran mijina. Wanda ya ji ina ba da labarinsa da zafi ya yi haƙuri, ban iya ba da shi da sanyi ba.

Garinmu a gindin tudu yake, kogin Remme ya zagaye shi ta gabas. Layin Masunta ne a bakin ruwa, sai Layin Majema, sai dandalin kasuwa, sai namu Layin Masaƙa da coci da maƙabarta a bayansa, daga nan hanya ta miƙe sama zuwa makaranta. Can bakin kogi akwai tsohon gidan niƙa da aka gina a kan falalen dutse. Duk ambaliyar da aka taɓa yi tana da tsaga a jikin bangonsa, daidai inda ruwan ya kai, da shekararta a gefe. Gidan Zabel ne ke tsagawa. Ba doka ba ce, ba kuma wanda ya taɓa ce musu su yi. Ruwa dai ya janye, bango ya sha iska, sai ka ga wani ɗan Zabel a kan tsani da guduma.

Da waɗannan tsagogi muke zaman duniya. Ruwa ya taɓa ta 1926, mutanen Layin Masunta su ɗaure kaya su hau makaranta. Ya kai ta 1897, Majema su bi bayansu, mai burodi ya fitar da buhunan fulawa daga ɗakin ƙasa. Ta can ƙoli ita ce ta 1845, kuma ko ita, kakan Ortwin ya auna da hannunsa ya tabbatar tana ƙasa da dokin ƙofar gidan farko na layinmu da tafin hannu guda. Don haka mu 'yan Layin Masaƙa ba ma gudun ruwa, mu ne masu dafa wa 'yan gudu miya. Kowane gida ya ɗora tukunyar dankali, a tura ta a amalanke zuwa makaranta. Ba zan ɓoye ba, da hura hanci muke kai ta. Uwar mijina takan ce ba za ta ba 'yan Layin Masunta 'ya ba, don ita ba agwagwa ta haifa ba.

An haifi Ortwin a 1931. Ubansa ya tafi yaƙi gabas bai dawo ba, ko takarda ba a aiko ba, sai kakansa ya riƙe shi a rumfar duwatsu. Ya tashi dogo, siriri, ƙurar dutse har cikin girarsa, magana kuwa sai ka yi haƙa kafin ka samu. Mijina Reinhold, wanda shi bakinsa ba ya rufuwa, yakan leƙa ta kan shinge ya ce, "Ortwin, wai in ka yi dariya fuskar tsagewa za ta yi?"

"Ajiyarta nake yi," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba. "Sai ranar da zan rubuta sunanka."

Abin da ya ɗaga shi a idon gari ya faru a 1954. A lokacin ina da shekara goma sha huɗu, kuma ina wurin. An yi ambaliya babba, kakansa ya riga ya tsufa, sai aikin ya faɗo kansa yana ɗan ashirin da uku. Ya jingina tsani ke nan sai ga sakataren jam'iyya mai mulki daga gunduma, da jaka a hammata.

"Kwamared Zabel, ba sai ka wahalar da kanka ba. Jarida ta riga ta bayyana cewa sabuwar madatsa ta riƙe ruwa, ba a yi ambaliya a nan ba."

Ortwin ya dubi ƙafafun mutumin daga saman tsani. "To wannan ruwan da ke cikin takalminka fa, daga jaridar ya zubo?"

Ya tsaga, ya rubuta shekara. Washegari aka zo da mota aka tafi da shi, ya kwana tara, ya dawo babu haƙora biyu. Bai taɓa gaya wa kowa abin da aka yi masa ba. Tun daga ranar, in Ortwin ya ce rana ta yamma za ta fito, akwai waɗanda za su juya kujerunsu. Kada kuma a ga wautarmu da sauri. Shekara arba'in hukuma tana mana ƙarya da tsakar rana. Kifi ya mutu ya cika kogi, a ce zafi ne. Yara suna tari, a ce iyaye ne ba sa rufe taga. A duk garin nan abu ɗaya ne bai taɓa yaudararmu ba, shi ne bangon gidan niƙa da mutumin da ke tsaga shi.

A da, ramin haƙar gishiri shi ke ciyar da garin. Bakinsa yana bayan tudu, amma hanyoyinsa sun bi ta ƙarƙashin ƙasa sun yi nisa, kowa ya san har ƙarƙashin coci sun kai. Reinhold ya yi shekara talatin da ɗaya a ciki, ni kuma ina kicin ɗin ma'aikata ina zuba musu kabeji da dankali. Yakan ce da rana yana jin tafiyata a saman kansa, wai ya gane ta da nauyi. Da aka haɗe ƙasar, ɓangarenmu na Gabas da na Yamma suka zama ɗaya, ba a cika shekara biyu ba aka rufe ramin. Daga nan gari ya fara zubewa. Samari suka tafi Yamma, 'yan mata suka riga su. Aka rufe silima, aka rufe tashar jirgin ƙasa, likita ya koma zuwa ranar Talata kaɗai. Muna dubu huɗu muka dawo ba mu kai dubu biyu ba, su ma yawanci masu sanda. Ɗan Ortwin ɗaya tak, Detlef, ya tafi yana sayar da tayil a wani gari da ban iya faɗin sunansa ba, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana rubuta sunayen matattu ba. Matar Ortwin, Gudrun, ta rasu bayan haka da 'yan shekaru. Reinhold ya ce wa Ortwin ya gode Allah, a garin nan sana'arsa ce kaɗai ciniki bai ja baya ba.

Sai kuma shi Reinhold mai bakin ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye a 1999, ƙafa da hannu na dama suka tafi, baki ya karkace amma bai daina zuba ba. Muka sauko da gadonsa falon ƙasa, kusa da taga, don ya riƙa ganin masu wucewa yana ba su sunaye. Kullum ƙarfe huɗu Ortwin zai shigo su buga karta. Ya sassaƙa masa wani ɗan katako mai tsaga da zai jera katinsa a ciki, tunda hannu ɗaya ba ya riƙo da jefawa. Shekara uku bai yi fashi ba ko ranar ƙanƙara. Ina faɗin wannan ne don in yi masa adalci, ba don raina yana so ba.

An gargaɗe mu. Wannan shi ne abin da ke hana ni sakat har yau. Shekara ɗaya kafin ruwan, gunduma ta turo wata injiniya 'yar Yamma, Frau Overbeck, wato Madam Overbeck. Ta yi sati uku tana yawo da na'urar awo mai ƙafa uku, sannan aka tara mu a zauren gidan giya. Ta manna taswira a bango ta ce Layin Masaƙa da coci da maƙabarta sun nitse fiye da mita guda, saboda tsofaffin hanyoyin gishiri suna rufta a hankali a ƙarƙashinmu. Ta ce in aka yi babban ruwa, layinmu ne zai fi kowane shan wahala.

Kowa ya juya ya dubi Ortwin. Ya miƙe a hankali yana riƙe da hularsa.

"'Yar nan, kwana nawa kika yi a garin nan?"

"Sati uku, Herr Zabel."

"Bangon ya haura shekara ɗari biyu."

"Ban ce bango ya yi ƙarya ba," in ji ta. "Shi a kan dutse yake, bai motsa ba. Ku ne kuka yi ƙasa."

Sai ni sarkin baki na ce, "Ni dai kullum a inda na kwanta nake tashi. Ko kuwa ke kike zuwa ki mayar da ni kafin gari ya waye?"

Zaure ya ɗauki dariya. Mai burodi ya ce an kwashe masana'anta an kwashe 'ya'yanmu, yanzu kuma gidajen ake so a ce sun lalace. Wani daga baya ya ce a ba ta giya ta sha ko na'urarta ta miƙe. Matar ta tsaya fuskarta ta yi ja, ta naɗe taswirarta, ta ce rahoton yana ofishin magajin gari ga mai son karantawa. Ban san wanda ya je ba. Ni dai na koma gida na ba Reinhold labarin amsar da na ba ta, ya yi dariya har ya sarƙe, na buga masa baya.

A watan Agusta na 2002 aka kwana huɗu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar Talata da hantsi, mutanen Masunta da Majema duk sun riga sun hau makaranta, sai ga motar 'yan kwana-kwana ta tsaya a ƙofata. Shugabansu ya sauko da takarda a cikin leda.

"Frau Kaske, umarni ne daga gunduma, duk marasa lafiya a kai su sama. Mun zo da gadon ɗauka."

"Wannan Layin Masaƙa ne," na ce. "Kun yi ɓatan hanya."

"An ce har da nan."

Reinhold ya ɗaga murya daga falo, da bakinsa karkatacce: "Traudel, kada ki bari su kai ni makaranta. Da ƙyar na fito daga cikinta karon farko."

Ban yi dariya ba. Ruwan saman bai yi kama da wanda na sani ba. Ana haka sai ga Ortwin ya ɓullo daga wajen kasuwa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Na tare shi a tsakiyar titi.

"Ina ruwa?"

"Ya wuce ta 1897 da taƙi guda. Zai ƙara hawa, amma ba zai taɓa ta 1845 ba."

"Ka tabbata, Ortwin? Mutumin nan ba ya iya hawa bene."

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Je ki dafa miyarki, Traudel."

Na koma na sa hannu a takardar 'yan kwana-kwana cewa ni na ƙi. Shugaban nasu ya tsaya ya ƙara tambayata sau ɗaya, na ce masa akwai masu buƙatar motarsa a ƙasa. Suka tafi. Na fere dankali, na yanka tsiran alade a ciki, na gyara wa Reinhold matashi. Ƙarfe biyu na ɗora tukunya a amalanke.

"Ki rage mini na ƙasan tukunya," in ji Reinhold. "Can naman yake taruwa. Kada ki ba agwagin nan duka."

"Ka ci gidanku," na ce, na ja ƙofa.

Ruwan bai zo ta gaba ba, inda duk muke kallo. Ya fasa can sama da gari, ya malale fadamar bayan layin dogo, ya bi ta kwalbatin da ke ƙarƙashin dogon, ya ratsa maƙabarta. Da ya iso layinmu sai ya tarar da kwano, ya zauna a ciki. Waɗanda ke gida sun ce bai kai minti ashirin ba. Suka ji ƙara kamar ana juye tsakuwa daga tifa, kafin su gane mene ne kujeru sun fara yawo a falo. Duk mai ƙafa ya haye bene.

Ina tsaye a zauren makaranta da ludayi a hannu, ina tsokanar wata 'yar Layin Masunta cewa bana ma ta zo cin miyarmu, sai wani ya kira ni daga taga da wata irin murya. Na je na leƙa. Kasuwa tana nan, ruwa iya gwiwa, kamar yadda aka saba. Amma inda layinmu yake, sai jan ruwa kwance har tagogi. Na ga rufin rumfar Ortwin, na ga shingen gidana ya ɓace. Na ruga da ludayin a hannuna. Maza uku ne suka riƙe ni a gangaren, na ciji ɗaya, har yau yana da tabon. Kwalekwale bai samu shiga ba sai wajen ƙarfe biyar, kuma ba su bar ni na bi su ba.

Muna nan tsaye a gangaren sai ga Ortwin ya zagayo ta hanyar gonakin tudu. Tun rana yana kan matakalar gidan niƙa yana gadin bangonsa, daga can kuwa ba a hango layinmu. Ya taho da sauri, abin da ban taɓa gani ba, fuskarsa a sake.

"Ya tsaya," in ji shi. "Saura yatsa uku ya taɓa ta 1845, ya tsaya. Ai na gaya muku."

Ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi inda idanunmu suke. Na ga lokacin da ya gane. Ya cire hularsa, ya sake mayarwa, ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Reinhold kaɗai ya mutu a Ulmenfurt. Sun same shi a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, ya ja jiki da hannu ɗaya ya kai rabin falo. Wannan rabin falon shi nake gani kullum. Na yi kuka har hawaye ya ƙare, na yi fushi har na rasa wanda zan ɗora wa, sai na ɗora wa Ortwin duka, don shi ne a kusa kuma ba ya ramawa. Dutsen kabarin ma daga birni na sa aka kawo, na inji, mai ƙyalli kamar teburin asibiti. Ban so shi ba, amma na san labari zai kai masa.

Gari bai zage shi ba, da ma an zage shi da ya fi masa. Sai dai in ya shiga gidan burodi hira ta mutu, a miƙa masa burodinsa ana kallon kanta. Masu cire masa hula suka koma gyara ta in sun hango shi. Bango ya bushe, sati ya wuce, wata ya wuce, ba a ga tsani ba. Magajin gari ya aika masa sau biyu cewa jama'a suna jiran tsagar bana, ya ce hannunsa na ciwo. Ana nan gunduma ta yanke cewa Layin Masaƙa ba ya zaunuwa, za a rushe shi baki ɗaya, a raba mu a gidajen bene na birni. Wannan karon ba wanda ya yi wa taswira dariya.

Wata Alhamis cikin Oktoba da safe, ina cikin gidan ina tsince abin da laka ta bari, na ji ƙarar baro a ƙofa. Ortwin ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A cikin baron akwai dogon tiyo mai nuna ciki, a naɗe, da jarka da alli.

"Traudel, aikin mutum biyu ne. Ba wanda zai riƙe mini."

"Sai ni ka ga dama?"

"Ke ce ya kamata."

Na so in rufe ƙofa a fuskarsa, amma ƙofar ta kumbura ba ta rufuwa. Na ɗauki mayafina na bi shi har gidan niƙa. Aikin ba wuya, irin na magina ne. A cika tiyo da ruwa, a ɗaga bakinsa biyu sama, duk inda ruwan ya tsaya a wannan baki, daidai nan yake a wancan. Ya hau tsani ya daidaita nasa da tsagar 1845, ni na ja nawa zuwa bangon gaba, na ja layi da alli a inda ruwa ya tsaya. Sai ya sauko ya koma kan allina, ni in ƙara gaba. Haka muka bi Layin Masunta da na Majema. Mutane suna leƙe ta taga, ba wanda ya fito.

Layin allin ya yi ta sauka yadda ya kamata, tunda gari hawa yake yi. A Majema yana kafaɗata, a bakin kasuwa ya dawo ƙuguna, a ƙarshenta ya kai idon sawu. Saura kaɗan ya shige ƙasa, kamar yadda kakansa ya ce. Muka sha kwana muka shiga layinmu, sai ya fara hawa. Gida na farko gwiwa. Na uku ƙugu. Da na jingina tiyon a jikin ƙofata, ruwan ya yi rawa ya yi rawa ya tsaya daidai ƙirjina. Na ja alli. Yatsa uku ƙasa da shi ga layin laka nan da ambaliya ta bari, ya zagaye gidan.

Ya taho yana jan ƙafa, ya tsaya yana duban layin biyu.

"Ai laka ta riga ta nuna maka," na ce. "Ba sai ka ja ni yawo a gari ba."

"Laka ba hannuna ba ce."

Sannan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"Shekara talatin, duk bazara sai na zagaya maƙabarta ina miƙar da duwatsu. Ina cusa musu tsakuwa a gindi. Duk gefe ɗaya suke karkata, Traudel, duk wajen layin nan. Na ce wa kaina ƙanƙara ce ke ɗaga ƙasa. Ranar da yarinyar nan ta yi magana a zaure, da na koma gida na ciro wannan tiyon. Ya kwana uku a tsakar gida. Na mayar da shi rumfa."

"Don me?"

"Na ji tsoron abin da zai nuna. In ba bangon, ni wane ne a garin nan?"

Na buɗe baki in zazzage masa abin da na tara wata biyu, sai na tuna wani abu. Sau huɗu Reinhold ya cire ƙofar falon nan ya kankare gindinta don tana cijewa, muna cewa laima ce. In na zuba mai a kasko, gefe ɗaya yake taruwa, har na saba sa murfin kwalba a ƙarƙashin ƙafar murhu. Duk matan layin haka suke yi, mun ma sha koya wa juna dabarar. Na sani kamar yadda ya sani. Bambancinmu kawai shi ya faɗa, ni kuwa na haɗiye nawa, na bar shi yana tsammanin shi kaɗai ne.

"A bangon niƙa ba zan iya tsagawa ba," in ji shi. "In na tsaga gaskiya, za ta zauna ƙasa da ta 1845, duk wanda ya zo bayanmu ya ce ƙaramin ruwa ne, bai kai Layin Masaƙa ba. In na ɗaga ta sama, na yi wa bango ƙarya. A nan ya kamata ta kasance." Ya ɗora yatsa a kan dutsen gefen ƙofata, daidai layin laka. Sai a lokacin na lura da guduma da ƙarfen sassaƙa a ƙasan baron, an naɗe su a tsumma. "Ki bar ni in tsaga a nan. Rabin awa ne."

"Ran Litinin za a rushe gidan."

"Na sani."

"To amfanin me?"

"Ko kwana huɗu ne, a ce akwai ta daidai guda ɗaya."

Idonsa ya kawo ruwa, dattijo ɗan saba'in da ɗaya, wanda aka cire wa haƙora bai yi kuka ba. Na dube shi, na dubi cikin falon ta ƙofar da ba ta rufuwa.

"A'a," na ce. "Ka gama rubutu a kan gidana, Ortwin. Kwashe kayanka."

Bai yi musu ba. Ya sunkuya ya naɗe tiyon, ruwan ciki yana zuba a kan takalminsa bai kula ba. Ya ɗora a baro, ya ce, "To, sai an jima, Traudel," ya tura ya tafi.

Ran Litinin aka rushe layin, har da rumfarsa. Aka kai shi gidan tsofaffi a birni, ni kuma hawa na huɗu a wani bene da ke kallon tashar bas, tsakaninmu tafiyar minti goma. Ban je ba ko sau ɗaya. Bai sake ɗaga guduma ba, ya rasu cikin Fabrairu, aka ce zuciya ce. Detlef ya zo ya binne shi ya koma a ranar.

Yanzu na tsufa, na kuma daina yi wa kaina ƙarya. Mutumin nan bai zo neman gafara ba, ya san ba ni da ita. Rabin awa ya roƙa a jikin bangon da ya riga ya zama na masu rushewa, don ya gyara maganarsa kafin ya mutu. Da na ce to, ba abin da zai ragu a jikina, kuma da mu biyu muka tsaya a wurin, masu laifi iri ɗaya. Ina sane na hana shi, kuma a lokacin har daɗi na ji.